Wa Ke da Ikon Yafewa? Haƙƙin Mata a Sulhun Jazira da Shuɗin Nilu

Malaman fiƙihun Malikiyya, waɗanda littattafansu ne ake karantawa a zaurukan Kano da Sakkwato da kuma ƙauyukan Hausawan Sudan, sun lissafa sulhu cikin ƙulle-ƙullen mu'amala masu sharuɗɗa, a sahu ɗaya da ciniki da jingina da haya, saboda haka a wurinsu sulhu ya wuce lallashi da daɗin baki. Ibn Arafa, malamin Tunis na ƙarni na 14, ya bayyana shi da cewa barin wani haƙƙi ne ko wata da'awa a kan wani abin musanya domin a kawar da jayayya ko a hana ta aukuwa, Shaihu Halilu kuma a cikin Muhtasar ya mayar da hukuncinsa ga na ciniki ko haya idan abin da aka karɓa dabam yake da abin da ake jayayya a kansa, ko kuwa ga na kyauta idan mai haƙƙi ya karɓi sashe ya bar sashe. Abin da wannan rabe-raben ke haifarwa a fili yake, domin mutum ba ya sayar da abin da ba nasa ba, ba ya kuma kyauta da shi, wanda ya yi hakan ba tare da wakilci ba kuwa shi malamai ke kira fuduli, wato mai shisshigi, wanda cinikinsa ke zama a rataye har sai mai kaya ya ji ya amince. Daga nan ne wata tambaya ke tasowa wadda ta tsallake fiƙihu ta shiga falsafar ɗabi'a: idan dattawan al'ummomi biyu suka zauna bayan an zubar da jini, aka shafa Fatiha, aka ce an yafe, haƙƙin wa aka yafe, kuma masu haƙƙin suna wurin kuwa?

Tambayar tana da nauyi na musamman a Hasahisa, garin da ke gaɓar yamma ta Shuɗin Nilu, kogin da Larabawa ke kira Nilul Azraƙ, tsakanin Hartum da Wad Madani, yana fuskantar Rufa'a ta tsallaken ruwa. Hausawa sun daɗe suna ratsa wannan ƙasa a kan hanyar hajji, wasu suna yada zango na shekaru don tara guzuri har zangon ya zama gida, amma babban kwararo ya biyo bayan faɗuwar Sakkwato a 1903, lokacin da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas da jama'ar da ta tsira, har ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa a kusa da Sinnar. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe aikin noman Jazira, wanda daga baya faɗinsa ya kai kimanin fadan miliyan 2 a ma'aunin gonar Sudan, sai auduga ta buƙaci hannaye fiye da na masu hawasha, wato gonar da hukumar aikin ke ba manomi, kuma Hausawa da Barebari da Fulani da mutanen Darfur suka cike giɓin da ƙwadago da noman raba daidai. Da yawansu sun zauna a kambo, jam'insa kanabi, wato matsugunin 'yan ƙwadago da ke gefen magudanar ruwa, wanda galibi ba shi da takardar mallakar fili duk da cewa an haifi kakanni a cikinsa. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1948, wadda ta ɗaura asali da kasancewar kakanni a ƙasar kafin ƙarshen 1897, ta bar yawancin waɗannan mutane a bakin ƙofa, kuma inuwarta ba ta gushe ba ko bayan da dokokin suka sauya.

A kan wannan tushe ne masifu biyu suka sauka a jere. A Yulin 2022 faɗa ya ɓarke a yankin Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu al'ummomin Funj da Berta da Hamaj, bayan an ƙi amincewa da buƙatar Hausawa ta samun masarauta a cikin idara ahaliyya, wato tsarin sarautun gargajiya da gwamnati ke aiki da shi, domin a can sarauta da mallakar ƙasa igiya ɗaya ce ta ɗaure su. An kashe fiye da mutum 100 a Rusairis da Gaisan da kewaye a wannan watan, aka sake kashe fiye da 200 a Wad al-Mahi a Oktoba, dubun-dubatar mutane suka tsere zuwa Damazin da Sinnar da Farin Nilu da Jazira. An sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya a Damazin a Janairun 2023, amma wata uku bayan haka yaƙin ƙasa baki ɗaya ya tashi a ranar 15 ga Afrilu, rundunar Da'amus Sari', wadda duniya ta sani da RSF, ta kama Wad Madani da Hasahisa a Disamban 2023, ta riƙe su har farkon 2025. Kisan da RSF ta yi a Wad an-Nura a Yunin 2024 da ƙauyukan gabashin Jazira a Oktoban wannan shekarar sananne ne, haka nan ramuwar gayyar da aka kai wa wasu kanabi, irin su Kambo Tayba a Janairun 2025, bisa zargin cewa mazaunansu sun haɗa kai da RSF. Saboda haka sulhun da Jazira ke buƙata ya fi na janarori biyun da ke jagorantar sojojin gwamnati da RSF wuya, domin na maƙwabta ne da za su ci gaba da shan ruwa daga magudana ɗaya.

Sudan tana da tsohuwar hanyar yin irin wannan sulhu, wadda ake kira judiyya, inda ajawid, wato dattawan da ba su da hannu a rikicin kuma aka yarda da mutuncinsu, ke sauraron ɓangarorin biyu, su ƙidaya rayuka da dukiyar da aka yi asara, su yanke diyya, su sa a yi rantsuwa. Wanda ya raina judiyya bai san ƙauye ba, domin tana da sauri da arha, tana kuma kiyaye fuskar kowa ta yadda wanda ya biya ba zai tashi a wulaƙance ba, abin da kotu ba ta iyawa. Sai dai kujerunta na nazir ne da mak da umda da shaihi da limami, muƙaman da kusan dukkansu na maza ne, matan kuwa aikinsu ranar taro shi ne dafa abincin baƙi.

Hujjar da aka fi kawowa wajen neman a gyara wannan ita ce wai mata sun fi maza taushin zuciya da son zaman lafiya ta ɗabi'arsu, kuma wannan hujja ce mai rauni wadda Sudan kanta ke ƙaryatawa. A Darfur da Kordofan akwai hakamat, wato mata mawaƙa waɗanda yabonsu ke ɗaga namiji, zambonsu kuma ke hana shi shiga taro, kuma an san cewa waƙarsu ta sha tura samari fagen fama don tsoron a kira su ragwaye, kamar yadda Hindu 'yar Utba ta zuga Ƙuraishawa a Uhudu. Bahaushe ma ya san abin da habaicin uwar miji ko guɗar da aka yi a lokacin da bai dace ba ke iya tayarwa. Ƙungiyoyin da suka jawo hakamat cikin aikin sulhu a yammacin Sudan sun yi haka ne don sun gane cewa bakin da ya hura wuta yana iya kashe ta. Abin da ya kamata a ɗauka daga nan shi ne cewa gaba tana rayuwa ne a cikin ɗaki, inda uwa ke gaya wa yaro wanda ya kashe ubansa da kuma inda aka kashe shi, don haka yarjejeniyar da uwar ba ta amince da ita ba tana da mai warware ta a kowace rana, ba tare da an ji ƙarar bindiga ba sai bayan shekara goma sha biyar.

Hujjar da ta fi tsayuwa ta sani ce. Ajawid ba za su iya daidaita ɓarnar da ba su san girmanta ba, kuma wani sashe na ɓarnar yaƙi yana faruwa ne a inda idon maza ba ya kai, ko a lokacin da maza suka gudu ko aka kashe su. Fiƙihun Malikiyya ya daɗe da amincewa da wannan gaskiya, domin ya karɓi shaidar mata biyu su kaɗai a cikin al'amuran da maza ba sa gani, kamar haihuwa da kukan farko na jariri, wanda gado ke ratayuwa a kansa, da aibobin da tufafi ke rufewa. Dalilin wannan hukunci shi ne cewa shari'a ba ta yarda haƙƙi ya tozarta don kawai wanda ya saba zama shaida ba ya wurin ba. A kanabi da ƙauyukan Hausawan Jazira mata ne ke tsinkar auduga da cirar gyaɗa tare da matan wasu ƙabilu, su ne ke sayar da shayi da abinci da godogodo a kasuwa, 'ya'yansu mata na talla suna shiga gidajen da baligi namiji ba ya shiga, su ne ke riƙe da adashin da Sudan ke kira sanduƙ, su ne kuma ke kwana a gidan makoki. A shekarun yaƙi kuwa takaya, wato ɗakunan girkin sadaka na unguwa da suka ciyar da miliyoyin mutane, a kan hannayensu suka tsaya ko da a inda samari ne ke tara kuɗin. Wadda ke raba abinci ta san gidan da ya daina aiko da kwano, ta san wanda ya ɓoye maƙwabcinsa da wanda ya nuna gidansa, ta kuma san a ɗakin wa firjin da aka sace ya sauka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Amma sani kaɗai zai mayar da mace shaida ce kawai, alhali a wurare da dama ita ce mai haƙƙin. Imamu Malik ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya nemi wanda ke da ilmi a kan diyya, Dahhaku ɗan Sufyanu ya sanar da shi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rubuto masa ya ba matar Ashyam ad-Dibabi gadonta daga diyyar mijinta, kuma a kan haka aka tafi, cewa diyya gado ce da ake rabawa bisa farillai, mata da uwa da 'ya'ya mata kowa da rabonsa. Inda al'ada ta mayar da diyya kuɗin dangi, a tara ta daga ƙabila a raba ta tsakanin manyan ƙabila, ko a ce an kashe nasu an kashe namu, jini ya share jini, to an taɓa rabon gwauruwa da marayu ba da izninsu ba, waliyyin maraya kuwa ba shi da ikon yin kyauta da dukiyar maraya ko da da kyakkyawar niyya. Gaskiya ne cewa mazhabar Malikiyya ta ƙuntata wa mata a babin ƙisasi, domin Risala ta Ibn Abi Zaid ta bayyana cewa 'ya'ya mata ba su da ikon yafe jini idan akwai 'ya'ya maza, kuma bai dace a ɓoye wannan ba. Sai dai sauran mazhabobi uku sun ba dukkan magada wannan iko, dokar laifuffuka ta Sudan ta 1991 ma ta ɗauki magada a matsayin waliyyan jini, ƙuntatawar Malikiyya kuma ta tsaya ne a kan wanda zai nemi a kashe ko a bari, ba ta taɓa rabon dukiya ba.

Mas'alar da ta fi kowace tsanani ita ce ta fyaɗe, wanda kwamitin binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya tabbatar a 2024 cewa an aikata shi da yawa a wannan yaƙi, Jazira na cikin wuraren da abin ya fi muni. Hukuncin Malik a nan a bayyane yake: babu laifi a kan wadda aka tilasta, wanda ya tilasta ta yana da haddi, kuma wajibi ne ya biya ta sadakin irinta, wanda dukiyarta ce ita, ba ta ubanta ko mijinta ko sarkin garinsu ba. Haddi haƙƙin Allah ne da ba a sulhu a kansa idan ya kai ga hukuma, sadakin kuma haƙƙinta ne da ba mai sarayar da shi sai ita, to ta ina zaman dattawa zai sami ikon rufe maganar? Amsar da aka saba bayarwa ita ce sutura, kuma sutura abu ne mai girma a addini, amma nassoshin da suka yi umarni da ita suna magana ne a kan rufa wa mutum asirin zunubinsa, ba a kan tilasta wa wanda aka zalunta ya haɗiye zaluncin don jama'a ta huta da jin kunya ba. Suratun Nisa'i ta keɓe wanda aka zalunta daga hanin bayyana mummunar magana, Suratush Shura kuma ta yabi waɗanda ke neman haƙƙinsu idan an zalunce su kafin ta yabi mai yafiya, abin da ya sa malamai suka ce afuwar da ake yabo ita ce ta wanda ke da ikon ramawa. Wadda ba a tambaye ta ba ba ta yafe ba, an dai yi shiru a kanta. Tana iya zaɓar shirun da kanta, kuma mata da yawa za su zaɓa saboda sun san abin da fallasa ke jawowa a aure da zaman gari, ko bayan gyaran da aka yi wa sashe na 149 na dokar laifuffuka a 2015 don raba fyaɗe da zina, amma tsakanin shirun da mace ta zaɓa da wanda aka zaɓa mata akwai tazarar da ke tsakanin sadaka da ƙwace.

Sunna ta wuce nan, ta nuna mace tana ƙulla aminci da kanta. Ummu Hani ta ba wasu dangin mijinta mafaka a ranar buɗe Makka alhali ɗan'uwanta Aliyu yana neman kashe su, Annabi ya zartar da mafakar da ta bayar, Zainab 'yar Annabi kuma ta yi wa mijinta Abul As irin wannan a Madina. Daga nan mafi yawan malamai suka ce aman, wato alkawarin tsaro da Musulmi ke ba abokin gaba, yana inganta daga mace, ko da yake Ibn al-Majishun da Sahnun daga cikin Malikawa sun rataya shi a kan amincewar shugaba, kamar yadda Ibn Rushd ya kawo. A Hudaibiyya ma, lokacin da sharuɗɗan sulhu suka yi wa sahabbai ɗaci har suka yi jinkirin yanka da aski, shawarar Ummu Salama ce ta warware ƙullin, wato matsalar da ta magance ita ce ta karɓuwar sulhun a zukatan mabiya bayan shugabanni sun gama rubutu, wadda ita ce matsalar da ke kashe yawancin yarjejeniyoyi. Misalin zamani mafi kusa da Jazira shi ne na Wajir a arewa maso gabashin Kenya, inda a 1993 Dekha Ibrahim Abdi da wasu mata Musulmi suka fara da hana faɗan dangi shiga kasuwar mata, daga nan suka jawo dattawa da malamai da hukuma, har aka kafa kwamitin zaman lafiya na dindindin. Ba su nemi kujerar dattawa ba, su ne suka sa dattawan suka zauna.

Mai ƙorafi zai ce kulle da kunya ba za su bar matar Bahaushe ta tsaya gaban taron maza ta yi magana a kan irin waɗannan abubuwa ba, kuma yana da gaskiya, domin gayyatar da aka san ba za a iya amsawa ba wata hanya ce ta hanawa. Sai dai kakannin mutanen Mai Wurno sun zo ne daga daular da ta riga ta warware irin wannan matsala. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'yan taru, inda jaji, wato dattijuwa amintacciya da aka naɗa wa malfa, ke jagorantar matan ƙauye zuwa wurinta, ta koma musu da karatu, ta kuma kawo matsalolinsu, a zamanin da ƙasar ke cike da gwauraye da kamammun yaƙi da ake neman mayarwa al'umma ɗaya. Tsarin bai rushe kulle ba, kuma bai bar kulle ya zama dalilin rashin ji ba. Judiyyar da za ta sa matan kowane ɓangare su yi nasu zaman, ungozomomi da malaman makarantun mata da shugabannin adashi su tattara abin da aka faɗa, a kuma hana shafa Fatihar rufewa sai an karanta shi an amsa, ba ta fita daga al'ada ba ko taki ɗaya. Abin lura ne kuma cewa a Rufa'a, wadda ake hangowa daga Hasahisa, Babikir Badri ya buɗe makarantar 'yan mata ta farko ta 'yan ƙasa a 1907, saboda haka yankin ba ya rasa mata masu ilmin rubuta irin wannan bayani.

Dokokin sama sun yi alkawari mai yawa. Ƙuduri na 1325 na Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fito a Oktoban 2000, takardar tsarin mulkin riƙon ƙwarya ta Sudan ta 2019 ta ware wa mata kashi 40 cikin ɗari na majalisar dokokin da ba a taɓa kafawa ba, tattaunawar Jidda ta Mayun 2023 kuma ta kasance ta masu bindiga. Ko da an cika kason, tambayar fuduli ba ta kau ba, domin lauya daga Hartum ba ta zama wakiliyar matar kambo don kawai dukansu mata ne, musamman idan ita matar kambon Hausa ce harshen da take iya faɗin ciwonta da shi, kuma wataƙila danginta na cikin waɗanda ake zargi da haɗa kai da RSF. Wakilci a shari'a yana buƙatar mai haƙƙi ya wakilta, ba a ɗauka cewa ya wakilta ba.

Inda za a gane ko an ji mata shi ne a cikin jerin abubuwan da yarjejeniya ta lissafa. Idan aka ƙidaya asara da sunan magidanci da lambar hawasha, gwauruwar kambo ta faɗi sau biyu, domin ba ta da miji kuma ba ta da fili, zinariyar aure da awakin da mata ke ajiye dukiyarsu a ciki kuwa ba su da rasit. Akwai kuma yaran da aka haifa sakamakon fyaɗe, waɗanda fiƙihu ke danganta su ga uwayensu, alhali samun lambar ɗan ƙasa a Sudan yana bin shaidar dangin uba, matakin da Hausawa masu cikakkiyar nasaba ma suka daɗe suna shan wuya a kansa. Waɗanda aka haifa a 2024 za su isa shiga aji ɗaya wajen 2030, kuma uwayensu ne za su tsaya gaban mai rajista a tambaye su sunan uba.